Dutse Biyu, Takarda Ɗaya

Sharaɗin da bakinsa ya gindaya shi, kuma don ya kori mutum guda ya yi.

"Duk mai son 'yata Auta," in ji Baba Mai-Ido, "ya kawo mini lu'ulu'u mai nauyin karat ɗaya, tsurarsa, ba a jikin zobe ba. Ni zan ɗaura shi da hannuna. Wanda ya kasa ya nemi wata ƙofa."

Ya faɗi harafin launin da yake so, ya faɗi matakin tsabta. Bai taɓa zama a aji ba, sunansa ma da babban yatsa yake sa shi, amma waɗannan haruffa na 'yan dutse ya haddace su tun gashin kansa yana baƙi.

Shagonsa yana layin maƙeran zinariya, faɗinsa taku huɗu. Tebur guda, fitila mai lanƙwasasshen wuya, sikeli, hantsaki, da ɗan madubin duba dutse da ke rataye a wuyansa da baƙin zare. Ba mai shiga shagon ya fita bai ji labarin ramin haƙar ma'adinai ba.

"Mu goma sha ɗaya muka shiga, ƙasa ta rufta. Kwana huɗu. Ni kaɗai na fito da ƙafata. Idon hagu na bar shi can jingina, na fito da na dama, shi kuwa ya fi idon mutum goma."

Wata rana kwanakin su zama biyar. Idan mai saye ya nuna mamaki sosai, su kai mako.

Wanda yake son korar kuwa Mai-Tabarau ne, wani siririn saurayi mai shagon gwajin ido a bayan tashar mota. Laifinsa guda ne. Wata takwas da suka wuce Auta ta lallaɓa mahaifinta ta kai shi a duba shi, saboda yawan ciwon kai. Saurayin ya haska masa fitila, ya daɗe yana dubawa, sannan ya rage murya.

"Baba, yanar ido ce ta fara rufe idon nan. Aikin minti ashirin ne a asibiti, amma kada a daɗe."

Tsohon ya ture na'urar ya miƙe.

"Kai, tun uwarka ba ta san ubanka ba nake raba dutse da gilashi da idon nan!"

Ya fice bai waiwayo ba. Abin haushin, a ranar ne Auta da saurayin suka karɓi lambar juna.

Ɗaya manemin shi ne Mai-Motoci, ɗan aminiyar Gwaggo. Gwaggo ƙanwar tsohon ce, ita ta riƙe Auta tun rasuwar mahaifiyarta, kuma ta riga ta zaɓi launin labulen gidan da Mai-Motoci ya gina.

Ranar Laraba da hantsi Gwaggo ta shigo shagon tana haki, ta dire kaya biyu a kan tebur. Ɗaya akwati ne mai girman burodi, lulluɓe da karan-miski, ana buɗe shi wata 'yar fitila ta kama a ciki. Ɗayan 'yar roba ce a cikin ambulan.

"Yaya, ga abin da ka jawo mana."

"Duka biyun?"

"Duka biyun. Ka ce yaron ba zai iya ba, to ga shi ya iya. Ta intanet suka saya, shi da ɗayan, aka aiko musu. Auta ta karanta mini takardun shaidarsu har sau biyu. Nauyi ɗaya, launi ɗaya, tsabta ɗaya, har wajen yanka kalma ɗaya aka rubuta. Amma kuɗin na Mai-Motoci ya kusa ninka na wancan. Ni dai a fahimtar da ni, ta yaya abu ɗaya zai yi farashi biyu? Ko dai gindin kwalba aka goge wa yaron nan?"

Tsohon ya ja tsaki.

"Takarda! Ke da Auta idan aka auna ku a asibiti, ai za a iya rubuta tsayi ɗaya, nauyi ɗaya. To sai a ce ku ɗaya ne?"

"Allah ya shirye ka, Yaya. Da wannan shekarun naka."

"Ranar Asabar da tsakar rana su zo su biyun. A fitar da duwatsun a ɗora mini a faranti, kada a gaya mini na wane ne. Wanda na ce ya kasa, mai shi ya ɗauki abinsa ya kama hanya."

Da ƙarfi ya faɗa, yadda Mai-Agogo na shagon kusa zai ji. Mai-Agogo kuwa ba ya riƙe magana ta wuce minti biyar. Kafin azahar duk layin ya sani.

Da Gwaggo ta tafi cefane sai ya sauke labulen ƙofa rabi. Ya kunna fitila, ya kama dutsen farko da hantsaki, ya kafa madubi a idonsa.

Hazo.

Ya goge madubin da bakin riga, ya hura masa iska, ya sake gogewa. Ya ɗauki na biyu. Hazo ne dai, da wani haske mai rawa a tsakiya, kamar fitilar mota a cikin ruwan sama. Ya matso da fitilar har ta ƙona masa kumatu. Ya ce madubin ne ya tsufa. Ya ɗauko wani daga aljihun tebur, shi ma ya tsufa.

A haka Auta ta same shi, ta taso daga makarantar da take koyarwa, hannunta duk alli.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa. Ina gaisawa da duwatsun masoyanki ne. Na riga na gama da su."

"Me ka gani?"

"Asabar za ki ji tare da kowa."

Ta ajiye jakarta ta durƙusa kusa da kujerarsa, inda take zama tun tana ƙarama tana tsince masa ɓurɓushin zinariya.

"Baba, akwatin da ke gabanka ba komai a ciki, kai kuma shi kake ta nuna mini. Dutsen yana gefen gwiwar hannunka, saura kaɗan ka ture shi ƙasa."

Ya janye hannun a hankali.

"Gwada ki nake."

"Jiya ma gwada ni kake, da ka gaishe da rigar Gwaggo a kan igiya?"

"Rigar ta fi mai ita fara'a."

Ba ta yi dariya ba. Hawaye ne suka zubo mata, ta bar su suna ɗiga a kan siminti.

"Don Allah, Baba, ka saurare ni sau ɗaya. Wata takwas ina kallon ka kana lalube. Ina ganin ka kana ɗaura dutse da yatsu, kana kawar da kai wai kana hira. Ban gaya wa Gwaggo ba. Mai-Tabarau ma bai gaya wa kowa ba, ko mahaifiyarsa. Kullum muka yi waya sai ya tambaye ni, yaya idon Baba? Kai kuwa ko sallamarsa ba ka amsawa. Me ya yi maka? Gaskiya ya faɗa maka, a ɗaki, murya ƙasa-ƙasa."

"Ya raina ni."

"Bai raina ka ba."

"Ke yarinya ce. Mutum ba shi da boko, ba shi da gona, ba shi da ɗa namiji. Abu guda ya fito da shi daga ƙarƙashin ƙasa, da shi ya ciyar da ke, da shi ya kai ki makarantar da kike taƙama da ita. Sai wani mai farar riga ya haska tocila minti biyu ya ce abin ya mutu?"

"Cewa ya yi a wanke, bai ce ya mutu ba."

"Duk ɗaya ne a layin nan. Ranar da aka ji, wa zai sake kawo mini dutse?"

Ta share fuska da gefen mayafi, wasu hawayen suka biyo.

"To ni fa? Ranar Asabar za ka nuna faranti da ka, ba ka ga komai ba, a ce Baba Mai-Ido ya yanke. Da haka zan tashi, da haka zan kwanta, har tsufana. Ban ce ka ba ni shi ba. Ba ka taɓa tilasta ni ba, ni ma ba zan tsallake maganarka ba. Idan ka ce a'a, zan zauna. Amma ka ce a'a da bakinka, ka ce don ya ɓata maka rai ne. Kada ka ɗora wa dutse. Kai ka koya mini ba a yi wa dutse ƙarya."

Tsohon ya daɗe yana juya madubin a hannunsa.

"Kwana huɗu na yi a duhu ban yi kuka ba," ya ce. "Tashi ki wanke fuskarki, kada Mai-Agogo ya ce mutuwa aka yi."

Ta tashi. Ta ɗauki jakarta ta fita.

Shi kuwa ya buɗe aljihun tebur na can ƙasa, ya lalubo wani tsohon farantin tagulla mai huje-huje, kowane huji da girmansa. Shi ya huda abinsa shekara talatin da suka wuce. Ya shafa shi da yatsa, ya yi murmushi. Dutse mai araha ya san halinsa: tumbi gare shi. Ba sai da ido ba.

Ranar Asabar shagon ya yi wa mutane kaɗan. Mai-Motoci ya zo da ƙamshinsa da makullai a yatsa, ya russuna ya yi gaisuwa, aka ba shi kujera guda da ke akwai. Mai-Tabarau ya tsaya jikin bango da hularsa a hannu. Auta tana bayan mahaifinta riƙe da takardun. Mai-Agogo da 'yan layi sun cika ƙofa har sun tare haske.

Gwaggo ta juya baya, ta fitar da duwatsun, ta ɗora ɗaya a farantin shayi na dama, ɗaya a na hagu. Ita kaɗai ta san na wane ne.

Baba Mai-Ido ya gyara zama. Irin wannan rana yake so.

"Ku matsa, ku 'yan kallo, yau kyauta zan koyar da ku. Kuna cewa takarda ɗaya farashi biyu. To ita takarda aji take faɗa, ba ta faɗar fuska. A aji guda akwai na ɗaya akwai na kashin baya, ko ba haka ba, Malama?"

"Haka ne, Baba," in ji Auta.

"Sannan masu rubuta takardar ma ba ɗaya ba ne. Wani ɗakin awon hannunsa a matse yake, wani kuwa da ya ga dutse sai ya ƙara masa maki kamar ɗan ƙanwarsa. Sannan tabo. Kusan kowane dutse da tabonsa. Amma wani nasa fari ne ya laɓe a gefe, wani baƙi ne ƙirin ya zauna a tsakiyar fuska kamar ƙuda a madara, kuma maki ɗaya za a ba su. Sannan sai babbar cutar, wadda ba ta wuce ni."

Ya ɗaga farantin tagulla.

"Mai yanka ya san ana sayen karat ɗaya da tsada. Idan dutsen ba zai kai ba, sai ya bar masa nauyi a ƙasa, ya yi masa tumbi. A sikeli ya cika, a yatsa ya tsuke, hasken ma ya riƙa zurarewa ta gindi. Wannan hujin, lafiyayyen karat ɗaya ba ya wuce shi."

Ya laluba da hantsaki kamar mai yanga, ya ɗauki na dama ya ɗora a kan hujin. Dutsen ya zauna daram. Ya girgiza farantin, ko gezau.

Ya mayar da shi, ya ɗauki na hagu. Yana sakin sa ya zurma, ya faɗa farantin shayi, ƙwal.

"Kun ji?" Ya baza hannuwa. "Mai tumbi ke nan. Wanda ya je neman araha ya sayo ƙaton ciki. Mai wannan ya ɗauki abinsa, Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Ya juya fuskarsa wajen bango, inda ya san Mai-Tabarau yake tsaye, yana jira ya ji takunsa.

Ba wanda ya motsa.

"Yaya," in ji Gwaggo, "ka dai sake dubawa."

"Ni? Yaushe na taɓa duba dutse sau biyu?"

"Na hagun… na Mai-Motoci ne."

Mai-Agogo ne ya fara tuntsirewa da dariya, sauran suka ɗauka. Tsohon ya ji kamar kujerar ta goce. Shekara arba'in mai tumbi shi ne mai araha. Yaushe duniya ta juya ba a gaya masa ba?

Mai-Motoci ya daina kaɗa makullai. Bai ɗaga murya ba.

"Baba, da girmanka. Ni ban kawo gari a tankaɗe mini ba. Shagon da na saya, sunansa kaɗai ya isa shaida. Kai kuma Mai-Ido ake ce maka, ba mai rariya ba. A jikin kowace takarda akwai zanen da ke nuna inda tabo yake. Ka duba da madubinka ka gaya mana na kowanne, Malama ta gwada da zanen. Idan ya yi daidai, na yarda da hukuncinka, in tafi ba tare da na ce uffan ba."

"Wannan gaskiya ne," in ji Gwaggo da sauri.

"Ai wannan a wurinsa shan ruwa ne," in ji Mai-Agogo. "Nuna musu, tsohon rami!"

Baba Mai-Ido ya kama na dama da hantsaki. Ya kafa madubi. Ya matso da fitila.

Hazon yana nan inda ya bar shi.

Ya juya dutsen. Ya sake juyawa. Gumi ya tsattsafo masa a ƙarƙashin hula ya gangaro ta bayan kunne. A shagon Mai-Agogo agogo wajen ashirin ne ke bugawa, bai taɓa jin su da ƙarfi haka ba. A rami ma haka aka yi, duhu da ɗigar ruwa, sai dai a can ba wanda yake kallon sa.

"Baba, kada ka wahalar da kanka."

Mai-Tabarau ne. Ya matso taku ɗaya daga jikin bango.

"Na san abin da ka gani, gara in faɗa da bakina. Nawa ne wannan. Tabon yana can gefe, dab da baki, fari ne siriri kamar zare. Da sanina na saya, don na ga idan ka ɗaura shi, farce ɗaya cikin masu riƙe dutse a zoben zai rufe wurin. Akwai kuma na biyu. Idan aka haska masa fitilar nan ta duba jabun kuɗi, shuɗi yake ɗauka. Masu saye ba sa son haka, don wani idan ya shiga rana sai ya yi dishi-dishi, shi ya sa ake rage musu kuɗi gaba ɗaya. Na sa mai sayarwar ya ɗauko mini bidiyonsa a bakin taga, na ga wannan bai yi ba. Mako uku na yi ina kallon duwatsu suna juyawa a waya, sun fi sittin, duk takardarsu ɗaya da wadda ka ce. Shi mai sayarwar ba shi da kanti, ba shi da akwati mai fitila. Iyakar abin da ƙarfina ya kai ke nan, Baba. Ban ɓoye komai ba."

Gwaggo ta tafa hannu.

"Kun ji da kunnenku! Aibi biyu, da bakinsa! Yaya, ai magana ta ƙare. Tumbi dai ba cuta ba ne, kowane mai arziki yana da shi."

Mai-Motoci ya koma kaɗa makullansa.

Tsohon bai sauke madubin ba. Ya gane abin da aka yi masa. An buɗe masa ƙofa ne, a wangame. Kalma uku kawai zai faɗa: haka na gani. Sunansa ya tsira, layi ya yi masa tafi, yaron kuma ya kori kansa da bakinsa. Abin da ya nema tun farko ke nan, an kawo masa har kan tebur.

A bayansa yana jin Auta tana juya takardu.

Mutum goma ya bari a rami, kuma ba wanda ya taɓa cewa a kan bayan wani ya tako ya fito. Yau kuma ɗan wannan siririn zai goya shi?

Ya cire zaren daga wuyansa, ya ajiye madubin a kan tebur.

"Ƙarya kake, yaro."



"Ba ka san abin da na gani ba. Ban ga komai ba. Ko fuskarka ba na gani, da muryarka nake gane inda kake."

"Yaya!"

"Ke ma da hakinki." Ya miƙe tsaye, ya juya wajen ƙofa, ya bugi ƙirji. "Ku kuma da kuka buɗe baki, ku ji da kyau. Wata takwas idon nan a rufe yake. Wata takwas! Zobe nawa na ɗaura a ciki? Ɗan kunne nawa? Wa ya dawo da aiki? Kai Mai-Agogo, sarƙar matarka da na gyara a watan jiya, ta tsinke?"

"Tana nan garau," in ji Mai-Agogo, a sanyaye.

"A duhu na yi ta. Duk layin nan da idanunku bibbiyu ba wanda ya gane, sai wannan yaron, shi kuma a minti biyu. Ya sani tun ranar farko. Na zage shi a shagonsa, na hana shi gaisuwa, na gindaya masa abin da na ɗauka ba zai iya ba. Yau kalma ɗaya zai faɗa ya tona ni ya ci gari. Sai ya tona kansa."

Ya juya wajen ƙamshin turare.

"Ɗana, naka tabon a ina yake?"

"Nawa ba shi da tabo," in ji Mai-Motoci.

"Malama, duba mana zanen."

Auta ta ja hanci ta buɗe takardar.

"Akwai, Baba. Ɗigo biyu, kusa da tsakiya."

"Wa ya zaɓar maka?"

"Na ce su ba ni mafi tsada a matakin da ka faɗa."

"Da ya iso, ka fitar da shi ka duba?"

"Baba, ni mai harkoki ne. Abin da ake biyan su su yi ke nan."

"Madalla. Dutsenka ba mugu ba ne, kada wani ya ce na ce. Amma rabin kuɗinka ba dutse ka saya da shi ba. Ka sayi sunan kanti, ka sayi fitila a akwati, ka sayi alkawarin idan ba ka so za su karɓi abinsu. Ko ba su yi maka wannan alkawarin ba?"

"Sun yi. Kwana talatin."

"To ka ga aƙalla wannan zai yi maka amfani."

Wani a ƙofa ya yi dariya, aka zungure shi. Mai-Motoci ya miƙe, ya ɗauki dutsensa ya sa a akwati. 'Yar fitilar ta kama, ya rufe ta. Ya yi sallama yadda ya kamata, aka buɗa masa hanya.

Gwaggo ta yafa mayafinta da ƙarfi.

"Shekara ashirin ina rainon yarinyar nan, yau a gaban 'yan layi aka kunyata ni. Da wane ido zan kalli uwar yaron nan?"

"Ki je wurin wannan ya gwada miki. Ya iya."

"Wallahi, Yaya, ba ka ji ƙarshen maganar nan ba!"

Ta fice. 'Yan kallo suka bi bayanta ɗaya-ɗaya, kowa yana sauri ya riga wani kai labari.

Auta ta durƙusa ta kama hannun mahaifinta da hannu biyu, ta kifa goshinta a kai. Kukan da take yi yanzu ba mai sauti ba ne.

"Ya isa, ya isa. Za ki jiƙa mini hannu, dutse ya suɓuce."

Ya lalubo wata farar takarda, ya naɗe lu'ulu'un ninki uku yadda 'yan dutse ke yi, ya sa a aljihun ƙirjinsa ya danne da tafi.

"Kai, Mai-Tabarau."

"Na'am, Baba."

"Minti ashirin ka ce?"

"Yanzu zai iya kai talatin. An ɗan daɗe."

"Kai za ka yi?"

"A'a, likita ne. Ni rakiya ce tawa."

"Gara haka. To ka ji. Ban ba ka ba tukuna. Ni ban taɓa ɗaura dutsen da ban gani ba…"

"Baba, yanzu fa ka ce wata takwas…" in ji Auta.

"Na mutane ne wannan. Na 'yata nake magana." Ya gyara hula. "Ranar da aka buɗe idon nan, dutsen nan zan fara kallo. Idan na ga zaren a gefe yake, inda ka ce, zan rufe shi da farce in sa mata da hannuna. Idan kuwa ya matsa ko da kaurin gashi ne, ka san hali."

"A gefe yake, Baba."

"Za mu gani. Litinin ƙarfe nawa suke buɗewa?"

"Takwas."

"Bakwai ka zo. Ni ban taɓa bin layi a bayan kowa ba."

Ya nufi ƙofa zai sauke labule. A bakin dokin ƙofar ƙafarsa ta nemi matakala ta rasa. Mai-Tabarau ya miƙo hannu. Tsohon ya tsaya kamar bai san da shi ba, sannan ya cafki wuyan hannun ya riƙe gam.

"Riƙe ni da kyau, kada ka faɗi," ya ce. "Ku yaran yanzu ba ku da ƙafa."

Daga shagon kusa Mai-Agogo ya leƙo.

"Tsohon rami, da gaske wata takwas?"

"Wa ya ce takwas?" in ji Baba Mai-Ido. "Shekara guda cur."